Fili, ɗaki ko nutso: da wane irin wasan shiga riga ya kamata ka fara?

Akwai wani irin wasa da ba shi da dandamali, ba shi da 'yan kallo, ba a kuma haddace magana kafin a shiga. Duk wanda ke wurin ɗan wasa ne. Za a ba ka suna da tarihi da abin da kake nema, ka sa tufafin da suka dace, sannan ka rayu a matsayin wannan mutumin na awa huɗu ko na kwana uku, kana magana da bakinka, kana yanke shawarar da babu wanda ya rubuta maka. Turawa na kiransa larp, a nan kuwa zan riƙa ce masa wasan shiga riga. Wanda ya san kalankuwa ba zai ga abin baƙo ƙwarai ba: bayan kaka samari su naɗa gwamnansu da alkalinsu da 'yan dokarsu, a yi ta shari'a ana cin tara, gari duka ya biye musu. Bambancin dai shi ne na zamanin nan zama ake yi a tsara shi, da dokoki a rubuce, kuma masu yinsa sun shafe shekaru suna gardama a kan yadda ya fi kyau a yi shi.

Daga wannan gardamar gidaje da yawa suka fito, amma mai neman farawa a yau hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai wasan fili, inda ɗaruruwa ko dubban mutane ke kafa tantuna su gwabza da takubban soso. Akwai wasan ɗaki, na mutum biyar zuwa hamsin, wanda ake gamawa a yammaci ɗaya. Sai wasan nutso irin na ƙasashen arewacin Turai, inda burin shi ne ka nitse cikin mutumin da ka zama har ka ji abin da yake ji. Suna ɗaya suke amsawa, amma wanda ya je na farko yana neman abin da ke cikin na uku zai dawo yana ganin an ɓata masa kuɗi da lokaci. Mutum biyu nake tunani da nake wannan rubutu: ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Turai ko Amurka, ya ga sanarwa yana shawarar ko ya je, da malamin makaranta ko jagoran ƙungiyar wasan kwaikwayo a gida, mai son ya gwada da mutanensa. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, da ɗaki ya kamata a fara. Sai dai sauran biyun kowanne yana da abin da ɗaki ba zai taɓa bayarwa ba, kuma gara ka san wannan kafin ka yarda da ni.

Wasan fili shi ne wanda hotunansa suka fi yawo. Asalinsa matasa ne da ke buga wasannin tebur na jarumai da dodanni, suka ga zama a kujera ana jefa ɗan lido bai ishe su ba. A Amurka ƙungiyar Dagorhir ta fara a 1977 a kewayen birnin Washington, Amtgard ta biyo a 1983 a El Paso ta jihar Texas. A Ingila kuwa Treasure Trap ce ta buɗe hanya a 1982, a wata fada mai ganuwa da ake kira Peckforton. Tsarin bai canza sosai ba tun lokacin. Kowane ɗan wasa yana da makin rai, sara ɗaya ya rage maka maki, in suka ƙare ka faɗi ƙasa ka jira mai magani. A wasu wasannin Amurka mai sihiri yakan faɗi kalmominsa da ƙarfi ya jefe ka da ɗan ƙullin tsumma mai tsabar abincin tsuntsaye a ciki, in ya same ka sihirin ya ci. Jamusawa da yawa sun gaji da lissafin maki suka koma wata ƙa'ida mai sauƙi: abin da za ka iya nunawa da jikinka har mutane su gamsu, shi ne abin da ka iya.

Kafin ka shiga fili sai an duba makaminka, kuma a nan za ka gane cewa mutanen nan ba sakarci suke yi ba. Mai duba zai karɓi takobin, ya bi shi da babban yatsa daga mariƙi har tsini, yana dannawa ya ji ko siririyar sandar faiba da ke ciki ta fara cin soson. Ya lanƙwasa tsinin a hankali, ya duba ko robar da aka shafe shi da ita ta tsage. Da ya ji tauri a inda bai kamata ba, zai ajiye shi gefe, ko nawa ka saye shi. A yawancin wurare sara ake yi, ba a suka, saran ma sai ka janye ƙarfin hannunka kafin ya sauka.

Manyan tarukan wannan gida abin mamaki ne. ConQuest of Mythodea, wanda ake yi tun 2004 a ƙauyen Brokeloh na Jamus, yana tara dubban mutane duk bazara, da sansanoni da kasuwa da rundunonin abokan gaba. Wanda ya fi burge ni ta fuskar tsari shi ne Empire na Ingila, da kamfanin Profound Decisions ya fara a 2013, ake yinsa sau huɗu a shekara. A can akwai al'ummai goma a ƙarƙashin daula ɗaya, da majalisar dattawa da majalisar yaƙi da ta malaman addinin daular da kasuwar hada-hada, kuma duk kujerun nan 'yan wasa ne ke zaune a kansu. Su ke zaɓe, su ke ƙulla ƙawance, su ke yanke inda rundunoni za su nufa, masu shirya wasa kuma su ɗauki abin da aka yanke su gina labarin taro na gaba a kai. Mutum na iya shekaru a Empire bai ɗaga takobi ba, yana can yana fataucin ƙuri'u. Wanda kuma yake son yaƙi, sharaɗin shi ne in ka fita fage yau a matsayin jarumi, wata safiyar kai ne za ka sa fuskar dodo ka tsaya wa 'yan uwanka a matsayin abokin gaba.

Abin da fili ke bayarwa shi ne jama'a. Mutanen da ka kwana da su a tanti cikin ruwan sama, kuka dafa abinci a murhu ɗaya, kuka binne sarkinku na wasa tare, za ka same su baɗi, ka same su bayan shekara goma. Mutumin da ka zama yana girma tare da kai, yana tara abokai da bashi da maƙiya. Ba wasan ɗakin da zai ba ka wannan. Amma sabon shiga yakan sha wuya. Dokoki na iya cin shafuka masu yawa, tarihin duniyar wasan ya fi haka yawa, ga ɗinkin kaya da tanti da sulke. A tsarin da ake tara maki shekara bayan shekara, tsofaffin hannu sun riga sun fi ka ƙarfi da sanin mutane, labari kuma wurinsu yake zuwa. Wanda ya je shi kaɗai, mai kunya, zai iya yin kwana uku yana zaga sansani yana kallon wasu na jin daɗi. In fili ka zaɓa, to ka nemi ƙungiyar da za ta ɗauke ka tun kafin ka sayi tikiti, wannan ya fi kowane takobi amfani.

Wasan ɗaki ya bi ta wata hanya dabam. A 1982 wasu ɗaliban jami'ar Harvard suka kafa ƙungiyar Society for Interactive Literature, suka fara rubuta wasannin da babu duka a ciki, sai magana da asiri da yaudara da ciniki. Har yau wannan salo na raye a taron Intercon na Amurka da kuma a Ingila. Kana shiga a miƙo maka ambulan. A ciki akwai shafi biyu ko uku: sunanka, wanda kake bin bashi, wadda kake so amma ba ta sani ba, laifin da ka aikata shekara biyar baya, da abubuwa uku da kake son cimmawa kafin dare ya raba. Akwai kuma 'yan katuna, wannan wuƙa ce, wannan wasiƙa ce da ba ka so kowa ya karanta. Ka zauna a lungu ka karanta na minti ashirin, ka ɗaga kai ka ga kowa a ɗakin yana karanta tasa, kuma ka san cewa a ɗaya daga cikin takardun nan an rubuta sunanka a matsayin wanda za a tona wa asiri. Tun daga nan gabanka ya fara faɗuwa, ba a ma fara ba.

Wannan shi ne babban dalilina na cewa a fara da ɗaki. Marubucin ya riga ya ɗaure ka da sauran mutane, ba sai ka nemi hanyar kutsawa ba. Ko ba ka san kowa ba, wani zai zo ya ja ka gefe, domin takardarsa ta ce yana bukatarka. A 1993 kamfanin White Wolf ya fitar da tsarin Mind's Eye Theatre, na siyasar wasu halittu masu shan jini da ke ɓoye cikin birane, wanda ya bazu ƙasashe da yawa. Dokokinsa sun hana taɓa jikin wani, sun hana shigo da makami ko na ƙarya ne, in rikici ya tashi sai a raba da wasan hannu na dutse da takarda da almakashi. Wato ana iya yin wasa mai zafi ba tare da kowa ya kai hannu jikin kowa ba.

Akwai wani reshen ɗakin da ya tsiro a Denmak da Suwidin, wanda ya fi kusa da aikin 'yan dandamali. Taron Fastaval na Denmak, da ake yi tun 1986 a lokacin hutun Ista, shi ne matattararsa. A nan ba a damu da kaya ko ado ba. Ɗaki ne baƙi, da fitila, da sauti, da tef da aka manna a ƙasa ya zama bangon gida. Mai jan ragama na iya tsai da wasa ya ce a koma shekara goma baya a ga ranar da 'yan uwan nan biyu suka fara saɓawa, ko ya nuna mutum ɗaya ya ce faɗi abin da ke ranka, kowa ya ji amma a yi kamar ba a ji ba. Waɗannan dabaru suna sa awa uku ta ɗauki rayuwa sukutum. Kuma yawancin irin waɗannan wasanni kyauta ake samunsu: gasar Golden Cobra, da aka fara a 2014, tana sakin gajerun wasanni a intanet duk shekara. Ƙasar Sin ma ta yi nata, wasan gano mai kisa na mutum shida ko makamancin haka a kewaye da tebur, wanda ya cika birane da shaguna bayan wani shirin talabijin na 2016.

Raunin ɗaki shi ne sai ka taimaka masa da tunaninka. Kujerar roba ce karagar mulki, wanda ke gabanka da wandon zamani shi ne waziri, wasu kuwa sam zuciyarsu ba ta karɓar haka. Wasan asiri in ka buga shi sau ɗaya ka san komai, ba ka sake bugawa. Kuma komai ya rataya a wuyan marubuci: in ya rubuta mutum goma sha biyu, biyu daga ciki ba su da abin yi, to waɗannan biyun sun yi asarar yammacinsu.

Yanzu sai nutso, wanda shi ne ya fi jan hankalin masana, shi ne kuma na fi jin tsoron a tura sabon shiga cikinsa. A 1997 aka yi taron farko na Knutepunkt a birnin Oslo, daga nan ya riƙa zagayawa tsakanin Norwe da Suwidin da Denmak da Finlan duk shekara, ana fitar da littattafan nazari tare da shi. A wannan zaure aka yi gardamar da ta canza wasan. A 1999 Eirik Fatland da Lars Wingård suka fitar da sanarwar Dogma 99, suka haramta wa kansu lissafin maki, da ɓoye wa 'yan wasa asiri, da amfani da wani abu a madadin wani, da barin wani ɗan wasa ya zama ɗan rakiya kawai. Ba da jimawa ba Mike Pohjola na Finlan ya fito da tasa sanarwar da sunan makarantar Turku, yana cewa manufar wasan ɗaya ce, ka nitse cikin mutumin, ka yi tunani da kansa, ba don ka ci nasara ba, ba kuma don ka burge kowa ba. Mutane kaɗan ne suka bi ɗayansu sau da ƙafa, amma tun daga nan aka daina ɗaukar jarumi da dodo a matsayin dole.

Dubi irin abin da suka yi. A 1998 a birnin Turku aka yi Ground Zero: 'yan wasa suka zama iyalai Amurkawa na shekarar 1962, aka rufe su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kimanin awa 24, rediyo na ba su labarin cewa rikicin makamai masu linzami na Kuba ya rikiɗe ya zama yaƙin nukiliya. Ba abokin gaba, ba abin da za a ci, sai zama da jira da tunanin waɗanda aka baro a waje. A 2001 a Norwe aka yi Europa, inda aka juya duniya, mutanen arewacin Turai suka zama 'yan gudun hijira masu neman mafaka a wata ƙasa ta ƙirƙira, suna bin layi a gaban jami'an da ba sa jin harshensu. A 2013 'yan Finlan da Falasɗinawa suka haɗu suka shirya Halat Hisar, suka ɗora halin mamaya a kan Finlan domin Bature ya ɗanɗana shingen bincike da kame da jikinsa. Wanda ya ce wannan wasan yara ne bai san abin da ake yi a ciki ba.

Ba duka ne masu nauyi haka ba. A 2013 aka mai da tsohon jirgin ruwan yaƙi mai suna Småland, da ke Gotenbag ta Suwidin, ya zama kumbon sama jannati don wasan Monitor Celestra. A watan Nuwamban 2014 'yan Denmak da 'yan Folan suka yi College of Wizardry a fadar Czocha ta Folan, makarantar sihiri ce da ɗalibai da malamai da darussa, hotunanta suka zaga duniya, suka buɗe ƙofa ga manyan wasanni masu tsada da mutane ke hawa jirgi su je. A irin waɗannan ana son duk inda ka juya idonka ka ga duniyar wasan, kofin da ke hannunka ma ya dace da zamanin.

Abin da ya fi rikita wanda ya fito daga fili shi ne a nan ana koya maka ka yi wasa don ka faɗi. In kana da asiri, ka bari ya tonu a lokacin da zai fi ciwo. In za ka iya tsira, ka duba ko faɗuwarka ce za ta fi ba kowa labari mai daɗi. Shi ya sa sau da yawa ake barin kowa ya karanta takardar kowa, domin in na san abin da kake tsoro zan iya kawo maka shi. Kafin a fara akwai bita ta awoyi, wani lokaci yini guda. Za a zaunar da kai da wanda zai zama mahaifinka a wasa, ku yi shawarar yadda zai yi maka faɗa, da inda ba ka so ya taɓo. Za a koya muku kalma biyu da 'yan Norwe suka yaɗa, ɗaya ta tsai da wasa cak, ɗaya ta taka birki kawai, a sa ku ku furta su da ƙarfi har kunyar faɗinsu ta fita. Akwai kuma alamar hannu da za ka yi wa wanda ka ga yana kuka, ya amsa maka da yatsa ko kukan na wasa ne ko ya zama na gaske.

Duk wannan shiri saboda abu ɗaya ne da masu wasan suka daɗe da sani, wanda wata mai tsara wasanni, Emily Care Boss, ta raɗa wa suna bleed, wato tsiyaya, a 2007: abin da ke zuciyar mutumin da ka zama yana tsiyayowa cikin taka, naka ma yana tsiyaya cikin tasa. Ka yi kwana biyu kana ƙin wani a wasa, ka wayi gari ba ka son ganin fuskarsa. Ka yi makokin ɗa na ƙarya, sai mutuwar da aka yi maka ta gaske ta dawo sabuwa. Masu son nutso wannan suke nema, kuma na yarda da su cewa a nan ne wasan ya kai matuƙa, domin yana iya sa ka fahimci ɗan gudun hijira ko fursuna ta hanyar da karatu ba zai yi ba. Amma wanda bai taɓa shiga rigar wani ba bai san yadda tasa zuciyar ke ɗaukar abin ba. Ya kamata ya gano haka a wasan awa uku da zai tashi ya koma gida, kafin ya kai kansa wata ƙasa inda zai kwana uku a ciki. Wanda kuma ya taɓa ganin tashin hankali da idonsa, ya yi hattara ƙwarai da wasannin yaƙi da kurkuku, ya karanta gargaɗin da masu shiryawa ke bugawa kalma bayan kalma.

Ta fuskar kuɗi ba su ma kusa da juna. Ɗaki kuɗin buga takardu ne da ruwan sha. Fili tikitinsa da sauƙi, amma kaya da tanti da mota su ke cin aljihu, ko da yake abin da ka ɗinka bana zai yi maka shekaru. Manyan wasannin nutso kuwa tikiti kaɗai yakan kai ɗaruruwan Yuro, ban da jirgi da biza, kuma da Turanci ake yawancin na ƙasa da ƙasa, Turancin da za ka iya yin fushi da rarrashi da shi ba tare da ka tsaya neman kalma ba. Kada kuma tsada ta ruɗe ka. Kamfanin Disney ya buɗe otal mai kama da kumbo a Florida a watan Maris na 2022, inda baƙi ke shiga labari na kwana biyu a kan kusan dala 5,000 ga mutum biyu, ya rufe shi a Satumban 2023. Ground Zero da aka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa har yau ana nazarinsa.

Sunan gida ba ya gaya maka komai da komai, shi ya sa nake son wata dabara da Martin Nielsen da Martin Andresen suka tsara a 2012 don koyar da sababbin marubuta. Suka ce ka ɗauki kowane wasa kamar na'urar haɗa sauti, mai maɓallai da ake turawa sama ko ƙasa. Su ne tambayoyin da za ka yi wa mai shirya wasa kafin ka biya. Wa zai rubuta mutumin da zan zama, ni ko ku? Ana ɓoye asiri ko kowa ya san komai? Gasa ake yi ko haɗin kai? Yunwa da rashin barci na gaske ne ko nunawa kawai ake yi? Ka kuma yi wa kanka tambayar da Petter Bøckman ya gabatar wa masu wannan wasa a 2003, ko kai mai son cin nasara ne, ko mai son labari ya yi kyau, ko mai son ya ji a jikinsa. Na farko fili zai fi yi masa daɗi, ko ɗakin asiri. Na biyu ɗakin Fastaval. Na uku nutso ne gidansa, in lokaci ya yi.

Akwai tambayoyin da mu ya kamata mu ƙara, kuma babu kunya a yinsu. Wasannin fili da yawa suna da mashaya a tsakiyar sansani, suna kuma da addinan ƙirƙira da bukukuwan da ake kwaikwayon bauta a cikinsu. Kana iya zaɓar zama ɗan kasuwa ko mai magani ko soja ka kauce musu, amma ka sani tun daga gida. A nutso ana yawan buga soyayya da aure, wasu wasannin suna da hanyar nuna kusanci ta taɓa hannu da kafaɗa, to wanda ko wadda ba ta taɓa jikin wanda ba muharraminta ba ta faɗi haka a lokacin bita, tsarin nasu ya tanadi wurin faɗin irin wannan. Ka tambaya ko akwai ɗakin da ake fita daga wasa, domin a nan za ka yi sallarka. Mai shirya wasan da ya ji waɗannan tambayoyi ya ɓata rai, ya riga ya ba ka amsa, kada ka je.

Ga wanda ke gida yana son ya shirya nasa, zaɓin ya fi sauƙi. A halin da ake ciki a yankunanmu da dama, matasa hamsin su shiga daji da takubba, ko na soso ne, neman fitina ne, domin wanda ya hango su daga nesa ba zai tsaya tambaya ba, kuma sa kakin soja ga farar hula laifi ne a Najeriya. Nutso kuma yana bukatar masu shiryawa da suka ƙware wajen kula da wanda wasa ya taɓa wa zuciya, ƙwarewar da ba a samunta da karatu kawai. Ɗaki ne ya rage, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A garin Hobro na Denmak akwai makarantar kwana mai suna Østerskov da ke koyar da darussanta ta wannan hanya tun 2006.

Ba ma sai mun aro dodannin wasu ba. Ɗauki ayarin fatake a kan hanyar Gwanja, mutum goma sha biyu a zango ɗaya da dare. Ga madugu, ga jagaba, ga uban dawaki, ga attajirin da goronsa ya fara lalacewa yana son a yi sauri, ga malamin ayari, ga matar da ke da jaki uku na kaya da bashi a kanta, ga yaron da ya ga sawun mahara amma yana tsoron faɗi. Hanya biyu ce a gabansu, gajeriya mai haɗari da doguwa mai fito da kuɗin fito, kuma dole a yanke kafin asuba. Rubuta wa kowa shafi ɗaya, ka tabbata kowane suna ya fito a takardar mutum uku aƙalla, kowa yana da abin da yake so da abin da yake ɓoyewa. Tabarma da fitila sun isa ado. Ka ware rabin awa a farko a koyi kalmar tsayawa, a kuma yarda cewa duk mai son fita ƙofa a buɗe take, ba sai ya ba da dalili ba. A yi wasan awa biyu. In an gama kada a watse nan take: kowa ya cire rawaninsa ko mayafin wasan, ya faɗi sunansa na gaskiya, a zauna a zagaye, kowa ya samu minti biyu ya faɗi abin da ya ji ba tare da an katse shi ba, kuma wanda ya zama azzalumin attajiri ya je ya gaisa da wadda ya matsa wa a kan bashi.